Yadda muka raba gadon Baba, autanmu Kirista yana zaune bakin ƙofa

Mutane da dama sun tambaye ni yadda muka ƙare da maganar gadon mahaifinmu, tunda duk unguwa an san autanmu ya shiga addinin Kirista shekaru da suka wuce. Wasu gulma ce kawai ke cinsu, wasu kuma irin wannan matsalar ce ke gidansu suna ta ɓoyo, to don su nake rubutawa. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya san mu ya san mu.

Mu shida ne wajen Baba, maza uku mata uku, uwa ɗaya. Akwai Yaya babba, mace ce, sai ni, sai mai bi mani, sai ƙannenmu mata biyu, sai Auta. Abin da Baba ya bari ba wani abin a zo a gani ba ne, gidanmu na unguwar Birni a nan Zinder, gona kan hanyar Mirriya, shago a kasuwar Dole da 'yan kuɗi a banki. Iyayenshi sun daɗe da rasuwa, mace ɗaya ya bari, Inna.

Tun ranar jana'iza abin ya nuna kanshi. Da za a yi wanka Auta ya miƙe zai shiga, Baffa ya riƙe mishi hannu a hankali ya ce ɗana zauna nan, bai ƙara komi ba. Da aka jera sahu ya koma jikin katangar maƙwabta ya tsaya da takalminshi a ƙafa. A maƙabarta ne ya samu abin yi, shi ya dinga ɗauko bidon ruwa ana kwaɓa ƙasa, wannan kam babu wanda ya hana shi, har rigarshi ta jiƙe sharkaf. Zaman makoki ya fi komi wuya wallahi, don duk wanda ya shigo sai ya ce a yi fatiha, kowa ya ɗaga hannu, shi in ya ɗaga a ce munafunci yake in bai ɗaga ba ido ya dawo kanshi, daga ƙarshe sai ya koma wajen samari masu dafa shayi ya zama shi ke zagayawa da kofi.

Bayan sadakar arba'in muka shiga takardu, don banki ba ya sakin ko dala sai da takardar jastis, wato kotu. Da farko takardar mutuwa a meri, wato ofishin magajin gari. Sannan zaman dangi, wanda suke ce ma konsai da famiy, a je da shaidu da katin ɗan ƙasa na kowa da takardun haihuwa da tambur, a fitar da wakili ɗaya da zai tsaya ma sauran. Ni aka tsayar. Nan ne karo na farko da muka yi da mai bi mani a gaban mutane, magatakarda ya ce 'ya'ya nawa mamacin ya bari, na ce shida, shi ya ce biyar. Mutumin ya ɗago kai ya dube mu ya ce shi haihuwa yake tambaya, maganar wa zai ci wa ba zai ci ba tana gaba. Aka rubuta shida.

Ga wanda bai sani ba, a Nijar babu dokar da ta ce a kama mutum don ya sake addini, amma kuma har yau ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya, an sha gwadawa bai wuce ba. Aure da saki da gado al'adar mutane ake bi, kuma mu nan Damagaram al'adarmu a gado ai Malikiyya ce, shi ya sa alƙalin jastis yake zama da malamai masu ba shi shawara. Kenan ko ka je fadar sarki ko ka je jastis hukuncin da za ka taras kusan ɗaya ne. Da muka gane haka sai muka ce gara mu kira malami gida a yi a rufe, mu kai ma jastis abin da aka gama.

Malamin da muka kira dattijo ne, abokin karatun Baba tun suna zaure suna Risala. Ya zo da allon ƙarfe ƙarami irin na 'yan lakwal da alli a aljihu. Inna tana cikin takaba lokacin, wata huɗu da kwana goma ba su cika ba, tana daga cikin ɗaki labule a sake tana ji. Auta ya zo, amma bai hau tabarma ba, ya jawo turmi ya kifa bakin ƙofar zaure ya zauna.

Malam ya bi abin daki-daki. Kuɗin likkafani da kabari an fitar? An fitar. Bashi? Akwai na wani mai kawo mishi kaya daga Kano, muka ware. Wasiyya fa? Shiru. Sai Baffa ya ce Allah gafarta Malam, akwai ranar da marigayi ya ce mani ko bayan raina kada ku bar yaron nan haka. Malam ya ce ya faɗi abu kaza? A'a. Akwai wani da ya ji bayan kai? Babu. Ya girgiza kai ya ce wannan roƙo ne ya yi, ba wasiyya ba. Kuma ya yi mana bayanin da har yau yake ci mani rai, wai da Baba ya rubuta ko ya kafa shaidu biyu, yana da ikon ya ba Auta har sulusin dukiyar, saboda wasiyya ba ta halatta ga magaji amma ta halatta ga wanda ba magaji ba, kuma Auta ya fita daga magada. Wato da zai iya samun abin da ya fi rabon kowane ɗayanmu. Takarda ɗaya ce ba a rubuta ba.

Sai ya karanta hadisin da kowa ya sani, na Usama ɗan Zaidu da ke cikin Bukhari da Muslim, musulmi ba ya gadon kafiri kafiri ba ya gadon musulmi. Ya ɗauki alli. Inna tumuni, ɗaya cikin 8, tunda akwai 'ya'ya. Saura 7. Maza biyu kowa 2, mata uku kowa 1, ya zama 7 cif. Ya ce kun gani lissafi ya fita ba ko gyara. Ban san me ya sa ba wannan maganar ta fi hadisin yi mani zafi, a ce cire ƙanenka ne ya sa lissafi ya yi kyau. Na ce Allah gafarta Malam, don Allah a buga mana da shi a ciki mu gani kawai. Ya goge ya sake, ya ce to sai an kai asalin 72, Inna 9 ba ta motsa ba, namiji 14 mace 7. In babu shi kuwa namiji 18 mace 9. Kenan abin da fitarshi ta ƙara mana, ni da mai bi mani 4-4, mata 2-2, in ka haɗa 14 ɗin nan ne dai nashi.

Auta ya miƙe ya ce Yaya ni zan koma wajen aiki, na gode Malam, ya durƙusa bakin labule ya yi ma Inna sallama ya fita. Bai yi gardama ba ko kalma ɗaya, kuma wannan ma ya ƙara harzuƙa mai bi mani, wai ka gani ko a jikinshi.

Da na kawo shawarar kowa ya mayar mishi da abin da ya ƙaru a rabonshi a matsayin kyauta, gidan ya kama da wuta. Malam dai ya tsaya tsakiya, ya kawo aya ta 8 ta Suratun Nisa'i da ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu a faɗa musu magana mai daɗi, ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya aika ma ɗan'uwanshi mushriki riga a Makka. Mai bi mani ya ce wancan kafirin asali ne, wannan ridda ya yi, hukuncinsu ba ɗaya ba, kuma ya je ya tambayo wani malamin ya ce mishi haka ne. Malam ya ce shi ba zai ce a ba shi da sunan gado ba ko dala, wannan haramun ne, amma in an raba kowa ya karɓi nashi ya zama dukiyarshi, ba ya umurtar kowa ba ya hana kowa. Ya naɗe allonshi ya tafi.

Yaya babba ita dalilinta daban ne kuma ban ga laifinta ba. Akwai lokacin da ta kama ɗanta na fari da katin memori a waya cike da waƙoƙin coci na Hausa da wa'azi, kawunshi ne ya ba shi. Tun ranar ta hana yaranta zuwa gidanshi. Ta ce mani kai kana ganin kamar gona ce za ka ba shi, ni ina ganin wanda ya zagayo ta bayan gida zai ɗauke mani ɗa.

Na je na same shi gidanshi wani dare bayan isha'i, don in ji ko ma zai karɓa kafin in ci gaba da ɓata da 'yan'uwa a kanshi. Na yi mishi maganar katin nan, na ce kai ma ka san abin da ka yi. Ya ce Yaya in kai ka tabbata abin da ke hannunka shi ne tsira, za ka ɓoye ma ɗan 'yar'uwarka? Ku ma ai kullum kuna aiko mani da wa'azi a WhatsApp. Na rasa ta cewa, don gaskiya ne ina turawa. Sai ya ɗauko Littafinsu na Hausa, duk ya sha jan biro, ya buɗe Matta sura 10 daga aya 34 ya miƙo mani. A wurin, bisa ga abin da ke rubuce, Annabi Isa da kanshi yake ce ma mabiyanshi kada su zaci salama ya kawo, takobi ne, zai raba ɗa da uba, 'ya da uwa, maƙiyan mutum su zama mutanen gidanshi, kuma wanda ya fi son uwa ko uba a kanshi bai cancance shi ba. Ya ce kafin a yi mishi baftisma fasto ya karanta mishi wannan wurin ya ce ya je ya yi tunani tukuna, kada ya zo daga baya ya ce ba a gaya mishi ba.

Nan na fahimci abin da ya sa shekara da shekaru duk dabarar da dangi suka yi ba ta ci ba. An daina cin abinci da shi, an daina gayyatarshi suna da biki, an fasa mishi auren 'yar Gwaggo, duk da tunanin in ya ji zafi zai dawo. Ashe shi duk wanda aka yi mishi sai ya ga abin da aka karanta mishi ne yake cika, ya ƙara riƙewa. Mu kuma in muka ga ya daure sai mu ce taurin kai ne ko an ba shi kuɗi ko an yi mishi asiri, mu ƙara matsawa. Kowane ɓangare yana da nassin da ya riga ya shirya shi ma rabuwar, kuma zafin da ake ji kowa hujja yake ɗaukarshi. Ni a ganina wannan ne ainihin abin, ya fi duk muhawarar da ake yi a bakin titi.

Ita muhawarar ma ba ta da tsakiya. Mun yarda da Annabi Isa, mun yarda an haife shi ba uba, Nana Maryamu sura guda gare ta a Alƙur'ani, sai mutum ya ga kamar saura ƙiris a haɗu. Amma su gaba ɗayan addininsu a kan gicciye da tashi daga matattu ya tsaya da cewa shi Ɗan Allah ne, mu kuma aya ta 157 ta Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba ba su gicciye shi ba, Ƙulhuwallahu kuma yaron da bai iya tsarki ba ma ya haddace ta. Ba abin da za a ce kowa ya rage kaɗan a daidaita. Kuma a gari irin namu da ƙidayar 2012 ta nuna musulmi sun haura 99 cikin 100 a ƙasar, zumuncin kanshi da addini aka gina shi, suna da yanka, aure da waliyyi, gaisuwar mutuwa da fatiha, ko tuwon dare bayan magariba ake ci in an dawo masallaci. Wanda ya fita salla ya fita duk waɗannan ko da babu wanda ya kore shi.

Sai kuma tsohon miki. Tsofaffinmu ba sa raba addinin nan da Nasara. Faransa ta ci Damagaram a 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, nan ne babban birnin mulkinsu kafin su mayar Yamai a 1926, 'yan mishan na SIM kuma a 1924 suka sauka garin nan. Wajen Baffa duk tafiya ɗaya ce. Auta wannan magana tana ba shi haushi, ya ce faston nasu Bahaushe ne ɗan ƙasar Maradi da bai taɓa taka Faransa ba, su SIM ɗin ma yawancinsu mutanen Amurka da Kanada ne. Na ce to je ka gaya ma Baffa. Abin da ya ba ni dariya a daren, ashe su ma can ba a haɗe suke ba, dangin matarshi 'yan Katolika ne kuma sai da aka kai ruwa rana kafin su ba shi ita don shi ɗan cocin bishara ne, ita cocin EERN da ta fito daga aikin SIM ma daga baya darewa ta yi gida uku. Na ce ashe ba mu kaɗai ke da Izala da ɗariƙa ba.

Akwai abin da ba a faɗi a gidanmu amma yana ƙarƙashin duk wannan rigimar, ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015. Duk ɗan Zinder ya san ranar, bayan an sauko masallaci zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da shaguna da gidajen Kiristoci, aka rasa rayuka, washegari abin ya koma Yamai. Ɗaruruwan Kiristoci a barikin soja suka kwana. Mai bi mani ya fita zanga-zangar, ya rantse bai ɗauki ko dutse ba kuma na yarda da shi. Baba kuwa, wanda ya yi shekaru ko gaisuwar Auta ba ya amsawa, da ya ga hayaƙi ya tashi sai ya tari kabu-kabu da kanshi, tsoho da carbi a hannu, ya je ɗakin da yaron yake haya ya sa mishi hula da babbar rigarshi ya ɗauko shi, ya shigar da shi ƙuryar ɗakin Inna bayan gado inda take jera kwanoni. Ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna. Da ƙura ta lafa Auta ya koma, Baba kuma ya koma rashin amsa gaisuwarshi kamar ba a yi ba. To kowa a gidan da Baban da yake tunawa, mai bi mani yana tuna wanda ya ƙi amsa gaisuwa, ni ina tuna wanda ya zauna a zaure, kuma duka biyun shi ne.

Yadda aka ƙare, ni na ba da 4 ɗina, ƙannena mata biyu suka ba da 2-2, ɗaya mijinta ya yi ta gunaguni ta ce mishi ba gadon ubanshi ba ne. Ya zama 8. Mai bi mani da Yaya babba suka ce a'a, ban sake tayar musu ba, haƙƙinsu ne. Da Inna ta fita takaba ta kira ni, ba ta kama sunana dama, ta ce kai, cikon 6 ɗin a cire a nawa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Auta ya ƙi karɓar na Inna ƙememe, ya ce ba zai ci tumunin tsohuwa ba, sai da ta yi fushi ta yi kuka bai karɓa ba. Namu ma da ƙyar.

Mun yarda ba za a sayar da gidan Birni ba muddin Inna na raye, aka yi mishi kuɗi aka rubuta rabon kowa. Shagon Dole mai bi mani ya riƙe aka cire a nashi. Kyautar Auta a gona aka yanka mishi, kuma nan Malam ya ja mana kunne a kan abin da ban sani ba, wai a Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunshi, in mai kyautar ya mutu kafin nan ta koma gado. Don haka muka je da mai gari da shaidu aka auna aka kafa duwatsu, aka rubuta takarda da sunan kyauta ba gado ba kowa ya sa hannu, kuma ya ce lalle ya noma ta a daminar nan a gani. Ya shuka gero da wake. Iyakarshi ta gabas da ta mai bi mani ce, suna haɗuwa can ranar Asabar, sannu sannu ce kawai ke haɗa su. Kuɗin banki kuwa bayan mun kai ma jastis takardar rabon suka fito, aka raba wa mutum shida har da Inna, ban da shi.

Watan jiya Inna ta sa na kira mata Malam da Baffa da limamin unguwa, ta yi wasiyyar sulusin abin da ta mallaka ga Auta, aka rubuta da ajami da boko ta dangwala yatsa. Ta ce a karanta ma kowa tun tana da rai kada a zo ana cewa ni na kitsa. Yaya babba ta ji ta yi shiru. Mai bi mani ya ce Inna dukiyarki ce, ya tashi ya fita, kuma bai zo cin tuwon Juma'a ba sati biyu, na uku ya zo da yaranshi. Auta har yanzu ba a gaya mishi ba, Inna ta ce in ya ji zai zo ya ce a yaga.